Ranar da Isyaku Ya Ba Rediyon Luka Cikakkiyar Wuta

Tun da na san Isyaku ban taɓa jin ya ce bai iya ba. A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya gyara dutsen guga, aka ƙone rigar ango da shi. Ya gyara agogon wani malami, malamin ya riƙa zuwa aiki bayan an tashi. Duk da haka shi ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma in ba ka kira shi haka ba sai ya yi kamar bai ji ba.

Shago yake nema. Alhaji Baffa yana da guda ɗaya a bakin titi, tela ya tashi ya bari. Mutum biyu suka sa masa ido: Isyaku, da Lydia 'yar marigayi Baba Luka, wadda ke yawo da zoɓo da kunun aya a kula.

Baba Luka mutumin Kagoro ne. Aikin gidan waya ya kawo shi Kano, ya tsufa a cikinmu. Yana da wani tsohon rediyo mai gajeren zango, girmansa kamar akwatin lefe, cikinsa cike da ƙananan kwalabe masu kamawa ja in sun ji wuta. Ba labarai yake ji da shi ba. Akwai wasu mutane a duniya, kowa da 'yar tasharsa a ɗaki, suna kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa don sha'awa. Su Luka yake saurare. Alhaji Baffa abokinsa ne, kullum da la'asar suna zaune gaban akwatin nan, Alhaji ba ya jin ko kalma ɗaya amma yana gyaɗa kai. Bara Luka ya rasu, aka rufe rediyo da zani.

Ni gawayi nake sayarwa daura da teburin Zakariyya mai shayi, don haka a gabana aka fara.

"Alhaji, shagon nan ai nawa ne," in ji Isyaku. "Ranar da na buɗe, babu mutumin Tarauni da zai ƙara kai gyara Sabon Gari."

"Fankata fa?" in ji Zakariyya.

"Tana juyawa ko ba ta juyawa?"

"Tana juyawa, amma bango take yi wa fifita."

"To shi bangon ba ya jin zafi ne?"

Alhaji Baffa ya ajiye kofi. Ya ce Asabar mai zuwa za a yi taron cika shekarar rasuwar Luka, 'yan uwa za su zo daga gida. "In rediyonsa ya yi magana a gaban jama'a ranar, makulli naka ne. In bai yi ba, na Lydia ne."

"Magana kawai? Alhaji, sai na sa Bature ya gaishe ka da sunanka."

"Rediyon ba ya aika magana. Ji kawai yake yi."

"A hannun Luka ke nan, Allah ya ji ƙan rai. Yanzu ya shigo hannun injiniya."

Da hantsi ya ari baro ya nufi gidan Mama Asabe, matar marigayin. Na bi shi don ni ke da baron. Mama Asabe ta yaye zanin, ta kuma nuna wani baƙin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, ƙarami amma nauyi kamar dutsen niƙa.

"Ka haɗa da wannan, ɗana. Luka ya ce rediyon ɗan Amurka ne, rabin wutarmu yake ci. Baƙin akwatin ne yake rage masa."

Isyaku ya ɗaga, ya yi nishi, ya ajiye.

"Mama, wannan dabarar Turawa ce. Nauyi suke ƙarawa don kada ɓarawo ya gudu da kaya. Wa ya taɓa ganin an rage wa mai aiki abinci sannan ya yi ƙarfi?"

"Haka dai Luka ya ce."

"Mama, ki ƙyale Injiniya," in ji Lydia daga bakin murhu. "Shi da ya sa fanka ta musulunta ta fuskanci bango."

"Ke dai ki fara neman inuwar da za ki ci gaba da ajiye kularki."

Mama Asabe ta matsa sai da aka ɗora baƙin akwatin a baro. Da muka iso wurin shayi, teburin Zakariyya yana da gajeriyar ƙafa ɗaya, kullum shayi na karkata. Isyaku ya cusa akwatin a ƙarƙashinta. Tebur ya tsaya cak.

"Kun gani? Ko ban fara ba na yi gyara ɗaya."

Aka jawo waya daga gidan Alhaji. Ya kamata in faɗi wani abu kan wutar layinmu. Ba ta zuwa cikakkiya. In an kawo ta, ƙwan fitila kamar garwashin da ya kwana yake, sai ka kunna ashana ka duba ko yana ci. Ita Isyaku ya jona wa rediyon kai tsaye.

Ya murɗa makunni. Shiru. Ya buga masa tafi a gefe. Shiru. Ya sa kunne, ya ƙwanƙwasa kamar mai sayen kankana. Irin wannan rediyon sai kwalabensa sun ɗumama yake buɗe baki, amma Isyaku bai sani ba. Ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya juya wa rediyon baya, ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, na gano cutar. Wannan rediyon baƙin cikin mai shi ne ya kama shi. Irin wannan aikin sai an yi masa tiyata ta—"

Rediyo ya yi wani kururuwa a bayansa kamar an taka jaki a wutsiya. Isyaku ya yi tsalle ya haye buhunan gawayina, buhu ya fashe, ya gangaro da shi har bakin kwata. Akuyar maƙwabciyarmu Hajiya Ummukulsum ta tsinke igiya. Zakariyya ya zuba wa kansa ruwan zafi a ƙafa.

Isyaku ya tashi baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani.

"Kun ji ko? Na tashe shi!"

"Shi ya tashe ka dai," in ji Zakariyya.

Na ce ya tattara mini gawayina. Ya ce injiniya ba ya tsince-tsince. Na ɗaga itacen da nake awon gawayi da shi. Ya tsince.

Rediyo ya farka, amma ban da shuu da fito babu abin da yake yi. Alhaji ya tuna Luka yana da doguwar waya a sama, eriya, iska ta tsinke ta. Isyaku ya ce tasa sai ta ninka ta Luka. Ya samo waya naɗi guda, ya jingina tsani a katangar Hajiya Ummukulsum, tsohuwar nas ce mai gida cike da 'ya'ya mata da jikoki. Kowa a garin nan ya san ba a hawa sama sai an yi shela, mata su kimtsa. Isyaku ya haye abinsa yana fito.

Muna ƙasa muka ji salati. Sai takalmi ya wuce. Sai muciya. Sai ruwan wanke-wanke da guntun tuwo a ciki.

"Ɗan wa ye kai? Gidan babu maza ka ɗauka?"

"Hajiya, aikin kimiyya ne!"

"Sauko in nuna maka kimiyya! Allura ce da ni a ɗaki, ta doki!"

Ya sauko ba ta tsani ba.

Washegari ya gyara kuskurensa, ya wuce gona da iri. Tun safe yake zagaya layi da murfin tukunya yana bugawa: "Za a hau sama! Mata a shiga ɗaki!" Mata suka shige. Ya hau, ya ga ya manta filaya, ya sauko. Mata suka fito, suka ɗora tukunya. Ya sake bugawa. Haka aka wuni, shiga, fita, shiga, fita. Magidanta suka dawo da azahar babu abinci a gida ko ɗaya. Wani direba ya tsaya gindin tsani riƙe da kwano babu komai a ciki, ya ce yana jiran Injiniya ya sauko su yi magana. Isyaku ya ƙara awa guda a kan rufi yana duba sararin sama.

Amma wayar ta miƙe, daga rufin Alhaji, ta bi ta kan gidan Hajiya, ta ratsa tsakar gida huɗu, ta ƙare a sandar rumfar Zakariyya. Sai dai ta yi ƙasa-ƙasa. Kuma a unguwarmu duk wayar da aka miƙa a tsakar gida sunanta ɗaya.

Kafin la'asar an cika ta da shanya. Zannuwa, kayan makaranta, farar rigar asibiti, bargo biyu jiƙaƙƙu. Sandar rumfa ta fara sunkuyawa kamar mai gaida surukai.

"Ku sauke! Wannan hanyar maganar Turawa ce!" Isyaku yana ihu ta bayan katanga.

"Su raɓa ta gefen bargon," in ji Hajiya daga ciki. "Ai ba ƙiba gare su ba."

Rumfa ta kwanta a kan masu shan shayi uku. Aka ciro su. Aka kafa sabuwar sanda, Isyaku ya yi alkawarin biya idan ya buɗe shago.

Sai ya tuna Luka yana da wata waya da ke shiga ƙasa. Ya rasa inda zai haƙa, ya ɗaura ta a famfon layi, kuma Allah kaɗai ya san inda ya jona ɗaya bakin. Zakariyya ya je wanke kofuna, ya kama famfo, ya yi wata rawa da ban taɓa ganin irinta ba ko a gidan biki.

"Famfo yana cizo!"

"Ba cizo ba ne," in ji Isyaku. "Saƙo ne yake wucewa. Kai ka tare masa hanya."

Lydia ta zo ɗiban ruwa, ta tsaya nesa da bokiti.

"Injiniya, in ka samu shagon, mu ƙaura ne ko mu rubuta wasiyya?"

Alhaji da kansa ya sa aka kwance wayar famfo.

To, abin mamaki ya faru ranar Alhamis da la'asar. An kwashe shanya, an kawo 'yar wutarmu, kwalabe suka yi ja a hankali. Isyaku yana ta murɗe-murɗe ba tare da ya san abin da yake nema ba. Aka ji fito, aka ji wani ɗif-ɗif kamar gyare, sai ga murya. Namiji ne, can nesa, yana maimaita wasu kalmomi, muryar tana zuwa tana komawa kamar ana kaɗa ta a iska. Sai wani ya amsa masa, suka yi dariya.

Jama'a suka kewaye rediyo. Alhaji Baffa ya matso da kujera, ya sunkuyar da kai yadda yake yi a ɗakin Luka. Na ga yana goge ido da bakin hula.

"Su ne," in ji shi. "Mutanen Luka ne."

Isyaku ya kafa baki a jikin lasifika. "Halo! Injiniya Isyaku ne daga Kano! Ya iyali?" Ya juyo. "Ya ce lafiya lau."

Ba wanda ya kula shi. Alhaji ya kama hannunsa.

"Isyaku, ka ci shago. Ranar Asabar ka yi haka, kada ka ƙara komai, kada ka rage komai. Ka ji ni?"

"Na ji, Alhaji."

Lydia ta ɗauki kularta ta tafi. Wannan ne karo na farko da na ga bakinta ya mutu.

Da mutum ne mai ƙoshi, da nan labarin ya ƙare. Amma Alhaji na bayar da baya Isyaku ya zauna kusa da ni yana kaɗa ƙafa.

"Baba Inuwa, ka ji yadda muryar take ƙasa-ƙasa? Yunwa ce. Da wannan wutar marasa lafiya muka kamo Turai. To in na ba shi cikakkiya fa?"

Na ce, "Alhaji ya ce kada ka ƙara."

"Alhaji ɗan kasuwa ne. Ranar Asabar Amurka za mu ji. In Allah ya so har waɗanda ke cikin jirgin sama."

Na ce, "Matar Luka ta ce rabi yake ci."

"Baba Inuwa, kai da gawayi, ni da lantarki. Na taɓa koya maka awo?"

Na koma auna gawayina. Bakina ba na haya ba ne.

Asabar aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Mama Asabe, har zuwa teburin Zakariyya. 'Yan uwa sun zo daga Kagoro mota biyu. Matan zumunta na coci sun sha anko, suna buga tulu suna waƙa. Fasto yana gaba da Alhaji Baffa, mu maƙwabta muna baya. Aka ɗora rediyo a tebur mai farin ƙyalle, da hoton Luka a kai. Da yake ranar wanki ce, eriya ta sake cika da shanya, amma Isyaku ya ce yau ko katifa aka shanya ba ta tare maganar da zai jawo.

Sai ga shi da sabuwar shadda da tabarau baƙi, bayansa majiya ƙarfi suna turo janaretan Mansur mai walda, wanda in ya tashi har bakin titin gidan zu ana jin sa.

Alhaji ya miƙe. "Wannan fa?"

"Kariya ce, Alhaji. In aka ɗauke wuta a tsakiyar taro fa?"

Alhaji ya ga da gaskiya a maganar, ya zauna. Mama Asabe ta zo wucewa da tiren shinkafa, ta dubi janareta, ta dubi rediyo.

"Ɗana, ina baƙin akwatin?"

"Na yi masa ritaya, Mama."

Ta ɗan tsaya. "To," in ji ta, ta wuce da shinkafarta.

Fasto ya gama addu'a, ya ce yanzu za a ji abin da marigayi ya fi so. Isyaku ya karɓi makirfo. Ya gode wa Allah, ya gode wa kansa. Ya ce marigayi ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ilimi gaba yake yi. Ya ce duk mai ɗan uwa a Amurka ya matso kusa. Wata tsohuwa ta matso da kujerarta. Sannan ya zare wayar gidan Alhaji, ya jona ta janareta, ya ɗaga hannu kamar mai tayar da tseren keke.

"Mansur, ba shi!"

Janareta ya ɗauka. Wannan karon ba a jira ɗumama ba. Kwalabe suka haska fari fat, har ta ramukan murfi haske ke fita. Jama'a suka yi tafi. Matan zumunta suka rangaɗa guɗa.

"Kun gani? Ƙoshi ke nan!"

Rediyo ya yi wani gurnani mai kauri. Sai wari ya tashi.

"Lydia, duba naman can yana ƙonewa," in ji wata.

"Ba nama ba ne, Anti. Amurka ce take isowa."

Hayaƙi ya fara fita siriri, sannan ya yi kauri. Alhaji ya miƙe yana kiran sunan Isyaku. Isyaku ya cire hula yana yi wa rediyo fifita.

"Gumi ne! Tafiyar da nisa, dole ya yi gumi! Mansur, ƙara masa!"

Mansur bai ji ba saboda ƙara, ya ga hannu na sama, ya ƙara.

Tau! Kamar an fasa tayar tirela. Wani abu ya tashi daga cikin rediyo ya faɗa tukunyar miya. Farar takarda da baƙar toka suka yi ta sauka kan jama'a. Tsohuwar da ta matso ta bar kujera da takalmi ɗaya. Fasto ya tsinci kansa a bayan Hajiya Ummukulsum, Hajiya ta tsinci kanta a bayan buhunan gawayina. Isyaku kuwa shi ya fara gudu, ƙafarsa ta harɗe wayar eriya, ya fizgo ta tun daga rufin Alhaji. Shanyar gida huɗu ta sauko a kan taro. Sandar rumfar Zakariyya ta sake kwantawa. Injiniya ya yi ta birgima cikin zanin gado mai furanni, yana ihu a kashe, a kashe.

Mansur ya kashe. Tari kawai ake ji.

Lydia ta ɗaga gefen zanin gadon da yatsa biyu.

"Injiniya, Baturen ya ce a gaida wa?"

Wani dattijo daga Kagoro ya fara dariya, ta kama matan zumunta, ta zagaye rumfa. Alhaji Baffa kaɗai bai yi ba. Ya tsaya kan rediyon abokinsa yana huci. Ya juya wurin Mama Asabe zai ba ta haƙuri, sai ya tarar ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye.

"Alhaji, bar shi," in ji ta. "Tun ina amarya akwatin nan yake mini fito a ka. In na kira Luka cin abinci sai ya ce in jira, wani a Jamus bai gama magana ba. Na rasa yadda zan yi da shi, ga shi Allah ya aiko mini injiniya."

"Amma ai kin ga babu baƙin akwatin, Asabe!"

"Na faɗa masa. Ya ce ya yi ritaya. Ni wa ce da zan yi musu da masu ilimi?"

Alhaji ya dube ta, ya dubi hoton Luka da toka ta rufe wa gashin baki, sai shi ma ya fashe. Ya laluba aljihu, ya ciro makulli, ya miƙa wa Lydia a gaban kowa.

Isyaku ya fito daga zanin gado, tabarau ido ɗaya.

"Alhaji, a duba mini. Ka ce ya yi magana a gaban jama'a. Duk Tarauni babu wanda bai ji shi ba."

"Wannan ba magana ba ce, wasiyya ce," in ji Zakariyya. "Kuma kada ka taɓa akwatin da ke ƙarƙashin teburina. Shi kaɗai ne gyaranka da ya yi."

Yanzu Lydia tana shagonta, ta sa firji. Alhaji ya kwashe gawar rediyon ya kai ɗakinsa, da baƙin akwatin, ya ce zai nemi wanda ya sani. Zakariyya ya koma karkata shayi. Matan layi kuwa sun tare Isyaku sai da ya mayar musu da wayar yadda take, don ba su taɓa samun igiyar shanya mai kyau irinta ba. Har daga unguwar Daurawa ana aiko masa ya je ya ɗaura.

Jiya ya zauna kusa da ni yana kallon firjin Lydia.

"Baba Inuwa, ka ji ƙarar da yake yi? Wannan firjin bai ƙoshi ba."

Na jawo itacen awo na ajiye a cinya.